Kanta na Kabi da Girkawa: Yadda Ƙaramin Rauni Ke Kayar da Babban Ƙato

A zangon da ya wuce malaminmu na tarihi ya koya mana yaƙin neman 'yancin Girkawa. Da na koma gida Jama'a hutu, sai na ba mahaifina labarin. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya tambaye ni, "To, Kanta fa?" Na yi shiru, kunya ta kama ni. Wannan ne ya sa na yi ta bin littattafai da manya a Samaru, ga abin da na samo.

Turkawa sun mallaki ƙasar Girka kusan shekara 400. A watan Maris na 1821 Girkawa suka ɗaga tuta. Ba su da rundunar kirki, yawancinsu manoma ne da makiyaya da masu jiragen ruwa. Amma sun san duwatsun ƙasarsu. A shekarar nan suka ci garin Tiripolitsa. A 1822 jagoransu Kolokotoronis ya bar babbar rundunar Turkawa ta shiga kwarin da babu abinci, sa'an nan ya tare ta a mashigin Darbenakiya, ya yi mata kaca-kaca.

Shekara 300 kafin wannan, an yi irinsa a ƙasarmu. Muhammadu Kanta ya bi Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, yaƙin Agadas wajen 1515. Da suka komo, sai rigima ta tashi kan rabon ganima. Kanta ya ga an raina mutanensa, ya ce daga yau Kabi ba ta bin kowa. Askiya ya aiko da mayaƙa, suka koma ba su ci nasara ba. Bayan shekaru wani Askiyan, Muhammadu Bankan, ya zo da kansa, aka kore shi a Wantarmasa.

Mene ne sirrin Kanta? Abin da duwatsu suka yi wa Girkawa, shi fadamar gulbin Kabi ta yi masa. Dokin baƙo ba ya sakewa a cikin laka, amma ɗan gari ya san mashiga. Ya kuma gina birnin Surame da ganuwar dutse, wadda kufanta ke nan har yanzu a Jihar Sakkwato.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mu lura da shi. Da Girkawa suka ci nasarar farko, sai shugabanninsu suka fara faɗa da juna kan mulki daga 1823. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga: Ibrahim Fasha ya zo daga Masar a 1825, ya kusa gamawa da su. Sai da jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka karya rundunar ruwan Turkawa a Nabarino a 1827, kana aka amince da 'yancinsu a 1830. Kanta kuwa ba wanda ya zo ya cece shi. Kabawa sun riƙe kansu da kansu.

'Yan'uwana ɗalibai, karɓo 'yanci abu ɗaya ne, riƙe shi wani abu ne daban. Iyayenmu kuma, ku riƙa yi mana irin tambayar da mahaifina ya yi mini. Allah ya sa mu san namu kamar yadda muka san na wasu, amin.