Yadda Ake Zaɓen Salansar Mota a Hanyar Anka Zuwa Gummi

Motar da ke zirga-zirga daga mararrabar Mayanchi zuwa Anka, ta wuce Nasarawar Burkullu da Daki Takwas ta shiga Gummi, ko ta ratse zuwa Bukkuyum da ƙauyukan da ke bayanta, babu abin da ke shan wuya a jikinta kamar salansa. Ita ce a ƙasa, ita ke gogar tudu da dutse, ita ke nutsewa cikin ruwa da damina. Ga shi kuma da yawa daga cikin motocin da ke wannan aiki, irin su Golf da Sharon da tsofaffin Corolla, sun ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Saboda haka duk mai mota, ko ba daɗe ko ba jima, sai ranar sauya salansa ta riske shi. A ranar ce ake kawo masa tayi kala-kala: a faɗaɗa bututu, a fasa tukunya, a cire katalis, a ɗaura irin ta 'yan tsere mai ƙyalli da rugugi, wai mota za ta ƙara gudu ta rage shan mai. Ra'ayina shi ne yawancin wannan tayi asara ce, kuma salansar da ta fi ƙarfi a wannan yanki ita ce wadda aka auna ta da injin motar da hanyar da take bi da mutanen da take ratsawa. Ga yadda ake zaɓenta.

Kafin a je kasuwa, a fara tabbatar da cewa salansar ce ke da laifi. A hau da motar kan rami da safe, inji na sanyi, a bi bututun tun daga manifol har wutsiya ana neman baƙin toka a bakin mahaɗa, don duk inda hayaki ke yoyo sai ya bar tabo. A tayar da inji, wani ya toshe bakin wutsiya da tsumma na ɗan lokaci kaɗan. Idan akwai huda, za a ji tana huci. Idan kuwa kukan mai mota shi ne ta daina ja, to a duba fulogi da matatar mai da matatar iska tukuna. Ƙurar hunturu a hanyoyin da ba kwalta tana toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, kuma motoci da yawa da aka yanke wa salansa mai lafiya, iska ce kawai ba ta isar su.

Idan an tabbatar sauyi ya zama dole, sai maganar faɗin bututu, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Hayaki ba ya fita daga inji a miƙe kamar ruwan famfo. Kowace silinda tana tunkuɗo nata bi da bi, kuma wanda ya fita da sauri yana barin gurbi a bayansa da ke janyo na biye da shi. Wannan jan shi ke share silinda ta samu wurin karɓar sabuwar iska da mai. Mai noman rani a fadamar Gummi ya san abin da ke faruwa idan ya ɗaura wa ƙaramin injin ban ruwa tiyon da ya fi ƙarfinsa: ruwan yakan yi sanyin tafiya, ya daina harbawa. Haka hayaki yake yi a bututun da ya yi wa inji faɗi. Golf 3 mai inji lita 1.8 ba ta wuce ƙarfin doki 90 ba, kuma bututun da kamfani ya sa mata bai wuce wajen inci 2 ba. Wanda ya ɗaura mata inci 3 zai ji rugugi, amma zai rasa ƙarfin tashi, wato ainihin abin da yake bukata idan ya yi lodin buhunan gero da fasinja zai fita daga kwazazzabo. Za a ce ai motocin tsere manyan bututu gare su, kuma ba wawaye suka ƙera su ba. Gaskiya ne. Sai dai injin tsere yana wuni ne yana juyawa sau 6,000 ko fiye a minti ɗaya, yana fitar da hayakin da zai cika wannan faɗi, alhali motar haya tana rayuwarta ne tsakanin 2,000 da 3,000. Kamfanoni irin su Borla da MagnaFlow a Amurka, ko Akrapovič a Sulobeniya, suna ƙera wa kowace mota tata salansar ne bayan gwaji, kuma ko da hakan, ƙarin da ƙaramin inji mara turbo ke samu 'yan dawakai ne ƙalilan, a can ƙarshen totur inda direban kirki ba ya kaiwa. Injin da ke da turbo, kamar na wasu Hilux masu shan gas, shi ne ya fi amfana da sakin hanya, shi ma da awo. Ƙa'idar ita ce a auna tsohon bututu, a sayi daidai da shi, in ma za a ƙara kada a wuce rubu'in inci.

Daga nan sai katalis, tukunyar nan da ke kusa da inji wadda wasu makanikai ke kira indomi. A cikinta akwai saƙa mai ƙananan ramuka da aka shafa wa ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma aikinsu shi ne juya gubar da ke cikin hayaki ta koma iska mai sauƙin illa kafin ta fita. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975, Turai ta tilasta ta a farkon shekarun 1990. Hujjar masu cewa a cire ta ba ta rasa tushe ba, kuma ya kamata a yi mata adalci. A zamanin da fetur ke ɗauke da dalma, katalis ba ta daɗewa take mutuwa, don dalma tana lulluɓe ƙarafan nan. Kuma har yau, katalis da ta toshe tana shaƙe inji: mota ta kasa hawa tudu, ta yi zafi, ta sha mai, ana cire ta kuma sai a ga ta farfaɗo. Daga nan ne aka ɗauka cewa kowace katalis cikas ce. Amma fetur mai dalma ya bar ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, kuma Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe a duniya, ta daina sayar da shi a 2021. Katalis mai lafiya ba ta tare hanya yadda direba zai ji a ƙafarsa. Wadda ta toshe kuwa akwai abin da ya toshe ta: ko inji na cin baƙin mai saboda ringi ya mutu, ko fulogi na tsallake wuta ɗanyen fetur yana gangarowa yana ƙonewa a cikinta, ko an sha gurɓataccen mai. In an cire ta ba a gyara wannan ba, cutar tana nan, alamarta kawai aka ɓoye. Sannan akwai sensa da ke ɗaure a bututun tana faɗa wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta saki. In mai walda ya ƙona ta, ko ya bar huda a gabanta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta riƙa ƙarawa. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, babu direban da ke da halin wannan ɓarna. Kuma a lura, mai ba da shawarar a cire sau da yawa yana da riba a ciki, don tsohuwar katalis kuɗi ce a hannun masu sayen ƙarafanta. A yi magana a fili tun kafin a fara aiki, kuma duk abin da aka cire a miƙa wa mai mota kayansa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin mutanen Anka da Bukkuyum sun fi kowa cancantar su ɗauki wannan magana da gaske. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi shekaru suna jinya. Gubar hayakin mota wata ce daban, amma ita ma ba ta sallama. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma shi ne ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. Salansar da ke yoyo a ƙarƙashin tsohuwar mota mai hudajjen ƙasa tana tura shi cikin ɗakin fasinja, musamman idan an ɗaga but saboda lodi, don iskar baya tana mayar da hayaki ciki. Ciwon kai da jiri da barcin da ke kama direba a doguwar tafiya ba kullum gajiya ba ce.

Batun ƙarfe ba shi da tsawo. Baƙin ƙarfe ya fi araha, ya fi saurin tsatsa. Wanda aka shafa wa alminiyam ya fi shi daɗewa. Wanda ba ya tsatsa iri biyu ne a wannan sana'a, lamba 409 da lamba 304, kuma maganaɗisu yana kama na farko, ba ya kama na biyu sosai. Ƙyalli kaɗai ba shaida ba ne. Wanda zai aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo masa ta Beljiyam, ya ce a girgiza ta a ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, a haska tocila a ga saƙar katalis ba ta narke ko ta farfashe ba. A duba lanƙwasa: wadda aka matse ta tsuke a kwana ta rage faɗin bututun duka, komai girmansa a sauran wurare.

Ɗauri ya fi sayen muhimmanci a hanyoyinmu. Tukunyar 'yan tsere da ke rataye ƙasa-ƙasa an yi ta ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. A hanyar ƙauye tudun farko zai tsinke ta. A ɗaga salansa ta koma inda kamfani ya ajiye ta, a rataye ta da robobinta. Waya ko waldar da ta manne ta da jikin mota tana hana ta motsi, inji kuwa yana girgiza, ƙarshenta manifol ya tsage. A sa sabon gaskit, a mayar da farantin da ke kare zafi, a tabbatar bututu ya yi nesa da tankin mai da tiyon birki, kuma wutsiya ta leƙo bayan mota. Katalis tana yin zafin da ya haura digiri 400, don haka da kaka kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa ko karmami. Wanda ya ratsa ruwa, kamar yadda aka sha yi lokacin ambaliyar Gummi ta Agustan 2024, ya san zazzafan ƙarfe da ruwan sanyi ba sa shiri; ya sa a duba masa bayan nan.

Saura ƙara, wadda ita ce ainihin abin da ke jan samari. Hujjarsu biyu ce: kuɗinsu ne da motarsu, kuma rugugi yana sa mutane da dabbobi su kauce. Ta biyun ba ta da ƙarfi, don salansa baya take fuskanta, haɗari kuwa a gaba yake, kuma an yi hon da birki saboda haka. Ta farkon kuwa ta tsaya ne a inda kunnen maƙwabci ya fara. Masana lafiya sun daɗe da nuna cewa wuni cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana cin ji sannu a hankali, kuma direban da ke zaune a kanta daga safe zuwa dare shi ne na farkon asara. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, da na hayakin motoci tun 2011. Amma a yammacin Zamfara maganar ta wuce doka. Wannan yanki ne da ya ga hare-haren 'yan bindiga na Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wanda a Satumbar 2021 aka rufe masa layukan waya da kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. A irin wannan wuri, salansar da ke harbi idan an saki totur ba wasa ba ce. Tana iya watsa kasuwa, ta tayar da unguwa tsakar dare, mata su ɗebi yara su nufi daji, kuma tana iya sa jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ke shingen bincike ya yi zaton abin da ba shi ba. Wannan ya shafi masu Boxer da sauran babura da ke fasa salansa, su da ke ƙara wa injinsu zafi a banza. Wanda ke son murya mai kauri yana iya samunta ba tare da ya cire tukunyar tsakiya ba, kuma gwajinta mai sauƙi ne: in direba da wanda ke gefensa ba sa jin juna sai sun ɗaga murya, ta yi yawa.

Za a ce duk wannan maganar masu hali ce, talaka faci yake yi. Faci ba laifi ba ne idan ƙarfen da ke gefen hudar yana da sauran ƙwari, kuma salansar Beljiyam ta asalin motar, mai lafiya, ta fi sabuwa mai ƙyalli da ba a san inda aka ƙera ta ba, sau da yawa ma ta fi ta sauƙin kuɗi. Abin da ke cin kuɗin talaka shi ne walda duk wata da ƙarin lita kullum.

Bayan an ɗaura, kada a biya cikon kuɗi sai an gwada. A bar inji ya yi zafi, a sake neman yoyo, a duba ko fitilar gargaɗin inji ta kama, a hau tudu da lodi irin na kullum. Sannan a cika tanki, a yi tafiyar da aka saba, a sake cikawa, a kwatanta da abin da motar ke sha a da. Wannan lissafi ne zai nuna ko an ci riba, kunne ba zai nuna ba. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Anka da Gummi da Bukkuyum, da manyan makanikai masu yara a ƙarƙashinsu, su mayar da duba salansa cikin sharuɗɗan lodi, kada motar da ke yoyon hayaki ko harbi ta ɗauki fasinja sai an gyara ta.