Filin Shawara: Motar Marigayi Ta Faɗi Warwas, Dangi Sun Ce A Jira

Malam,

Ina rubuto maka ne daga Sukukutane, cikin ƙasar Arewa. Bara da kaka Allah ya yi wa yayana rasuwa, ya bar mata biyu da ƴaƴa bakwai, duk ƙanana. Ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana fatauci tsakanin Kwatano da Yamai. A 2021 ya sayo wata jibgegiyar motar alfarma ƙirar Turai, ta hannu, mai silinda takwas. Da kuɗin saye da na duwan, ta ci masa sefa miliyan 21.

Da aka zauna maganar gado, dangi suka ɗora mini alhakin sayar da ita. Na kai hotunanta da takardunta wajen dillalai a Yamai, wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a miliyan 7. Ina dawowa da labari sai gida ya ɗauki zafi. Kawunmu ya ce a jira, tunda an rufe iyaka motoci sun yi tsada. Wani ɗan'uwanmu da ke Sakkwato ya ce shi tasa ya sayar da ita sama da yadda ya saya. Har na fara jin raɗe-raɗin wai na haɗa baki da dillalai.

Yanzu tana ajiye ƙarƙashin rumfa, bayanta ya zauna ƙasa, ko tashi ba ta yi. Malam, cutarmu ake son yi, ko haka abin yake? Mu jira ko mu sayar? Ina tsoron haƙƙin marayu.

Naka,
Ƙanin marigayi, Sukukutane

AMSA

Ɗan'uwa, ina yi muku ta'aziyya. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari.

Dillali ba ya fara tayi da kuɗin gaskiya, don haka mai yiwuwa a samu ƙari a kan miliyan 7. Amma ku cire rai da miliyan 21, ko abin da ya yi kusa da shi. Ko a Turai da Amurka, inda ake da kwalta da ƙwararrun makanikai, manyan motoci irin su Mercedes S-Class da BMW 7 da Range Rover sukan rasa fiye da rabin kuɗinsu cikin shekara biyar.

Dalili na farko shi ne mai saye. Attajirin da ke da ƙarfin riƙe irin wannan mota sabon yayi yake so, kuma kamfanoni ba sa daɗewa ba su sauya fasali ba; Range Rover, alal misali, ta fito da sabuwar siffa a 2022, ta dā ta koma tsohon yayi. Shi kuwa mai neman ta hannu da lissafi yake zuwa, abin da za ta ci masa bayan saye yake dubawa. Mai kuɗi ya wuce ta, mai ƙaramin ƙarfi yana tsoronta. Kayan da masu nemansa suka yi kaɗan dole ya karye.

Na biyu, kuɗin motar yana sauka, amma kuɗin gyaranta yana nan inda yake. Zaman da ka ce bayanta ya yi alama ce cewa a kan jakunkunan iska take tsaye, ba a kan sifirin ƙarfe ba, kuma sun fara yoyo, ko injin da ke hura su ya gaji. Irin waɗannan motoci cike suke da wayoyi da ƙananan na'urori, ƙura da zafin bazara kuwa ba sa raga musu, balle gargadar hanyoyin karkara. In ta yi ciwo sai an jona ta da kwamfuta kafin a gane abin da ke damunta, galibi sai a Yamai, kusan kilomita 300 daga Dogon Dutsi, sannan a zauna jiran kayan gyara daga waje. Ga shan mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, man bakin hanya mai araha da garuruwan iyaka suka saba da shi ya zama labari. Duk wannan mai saye yana cirewa daga tayinsa.

Maganar kawu tana da ƙamshin gaskiya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, motoci suka ƙara kuɗi. To amma waɗanda suka ci wannan riba su ne motocin da ake rububinsu, irin su Hilux da Land Cruiser da Corolla, waɗanda ko makanikin bakin tasha ya san cikinsu, kayansu kuma na nan a Dosso da Ƙwanni. Taku kuwa, rufewar ta ƙara wa kayan gyaranta tsada ne, masu sha'awarta suka ƙara ja da baya.

Shi ma na Sakkwato bai yi ƙarya ba, sai dai ba motarsa ce ta tashi ba, naira ce ta faɗi. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500. Ya karɓi takardu da yawa masu sayen abu kaɗan. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, ba za ta yi muku wannan rufa-ido ba.

Saniya in an ajiye ta haihuwa take yi, mota kuwa lalacewa: batir ya mutu, taya ta tsattsage, robobi su bushe, ɓeraye su ci wayoyi. Kowane wata na jira daga rabon marayu ake cirewa. Shawarata ku sayar, amma a bainar jama'a.

Ku fara da zaman iyali a gaban liman da mai gari, a rubuta cewa an wakilta ka, a kai takardar kotu a Dogon Dutsi ta tabbatar, don mai saye zai buƙace ta wajen sauya suna. Ka haɗa takardar mallaka da ta duwan wuri ɗaya. A sa batir, a samu makanikin da ya san irinta ya tayar da ita, ya faɗi kuɗin gyaran ƙafafun. In ya yi nauyi, a sayar da ita yadda take, a kuma faɗa wa mai saye aibinta. Kada a zuba kuɗin marayu cikin babban gyara da fatan za su dawo.

Sannan kada ka sake zuwa kasuwa kai kaɗai. Ka tafi da kawu da wakilin kowace ɗaya daga cikin matan, ku ji tayin dillalai daban-daban a Yamai, ku tuntuɓi na Ƙwanni da Maraɗi ta waya a gabansu. A yanke la'ada tun kafin ciniki. Wanda ya ji farashi da kunnensa ba zai zarge ka ba. In kuma akwai wanda ya dage cewa ta fi haka, a yi masa tayin ya saya a kuɗin da ya faɗa.

In kuɗi sun shigo, a biya bashin marigayi da wasiyyarsa in akwai, malamai su raba sauran, a rubuta rabon kowane yaro da sunan wanda zai riƙe masa har ya girma. Allah ya ba ka ikon sauke amana.