A Daina Ɗaura wa Allurar Garmaho Kwabo

Duk wanda ya kawo mini tsohon faifan Mamman Shata ko na Ɗanmaraya Jos daga Tsiga, Bakori ko Funtuwa, kukansa ɗaya ne: murya ta dushe, sai ƙas-ƙas. Da na bincika, sai in tarar allura ce ke tsalle, wani mai gyaran rediyo ya ce a ɗaura mata kwabo da roba don ta zauna.

Wannan shawara ita ke kashe faifai. Yawancin alluran zamani nauyin giram 2 ko kusa da haka suke buƙata. Idan ka ƙara kwabo, ka ninka nauyin, allura ta shiga kartar layin waƙa kamar garmar shanu a jiƙaƙƙiyar gona. Tsalle zai tsaya, gaskiya ne, shi ya sa ake yarda da ƙaryar. Amma abin da ta kankare ya tafi ke nan, babu mai mayar da shi. Wasu har dutse suke ɗorawa! Malam, in ba ka san aikin ba, ka ce ba ka sani ba.

Tsalle kan zo ne daga karkataccen tebur, ƙurar hunturu, allurar da ta cinye, ko faifan da zafi ya lanƙwasa. Daidaita teburin, goge faifan da ƙyalle mai laushi, sauya allura, sannan ka juya ƙarfen da ke gindin hannun allurar har nauyin ya kai yadda kamfani ya rubuta.

Garmahon kaka mai wani da hannu kuwa na faifai mai gudun 78 ne. Allurarsa ta ƙarfe ce, nauyin kansa ya haura giram 100. Kada ka kuskura ka aza masa faifan roba mai gudun 33 ko 45.

Wajen sayen garmaho mai aiki da wuta, masu gwanjo ba za su gaya maka wannan ba: na'urar Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 120 da bugu 60, tamu kuwa 230 ce da bugu 50. Taransifoma ƙarfin kawai take ragewa. Idan injin mai bin bugun wuta ne, gudu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ka ji kalangu yana jan ƙafa. Nemi ta Ingila ko Jamus, ka duba robar da ke juya faranti ko ta saki, kuma ka tabbata amfilifayarka tana da mashigar da aka rubuta wa Phono, in ba haka ba sauti ba zai fito sosai ba.

Shata ya rasu tun 1999, kuma faya-fayan da ke hannun iyalai raguwa suke yi. Ku ciro su daga ƙarƙashin katifa da kusa da rufin kwano, ku jera su a tsaye cikin inuwa. Kwabon kuma a cire shi yau.