Abin da Kufai Ya Ɓoye

Kufai shi ne wurin da mutane suka zauna a dā, suka tashi. A ƙasar Kura da Bunkure akwai gonakin gado inda kakanni suka yi gidajensu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka baje ƙasa, aka ja hanyoyin ruwa don noman rani. Alamun waɗansu gidajen suka ɓace, amma kayan mutanen dā suna nan binne.

Akwai wata na'ura mai gano ƙarfe. Ana riƙe ta kamar sanda, ana bi da ita bisa ƙasa. In ta zo kan ƙarfe, sai ta yi ƙara. Takan nuna ruwan fartanya, ko kan māshi, ko anini mai huji a tsakiya. Amma ba ta jin kuɗin wuri ko tsingaro, gama su ba ƙarfe ba ne.

Wanda ya tono irin wannan abu, kada ya sayar wa maƙera. Ya lura da inda ya same shi, ya nuna wa dattawan gida, sa'an nan a sanar da ma'aikatan Gidan Makama a Kano. In aka narkar da shi, labarin kakanni ya tafi ke nan.