Darasi Na Ruwa: Tsohuwar Rijiya Tana Koya Wa Sabuwa

'Yan'uwa, haƙa rijiyar burtsatse yana cin kuɗi da yawa. Idan jama'a sun tara kuɗi, aka haƙa, ba a sami ruwa ba, zuciyarsu takan karai. Saboda haka bari mu koyi yadda masu awo suke sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

1. Ƙasarmu

Birnin Kano yana zaune a kan dutse mai tauri ƙwarai. Masu haƙa rijiya a unguwannin cikin ganuwa, kamar Zaitawa, sun san jerin nan: jar ƙasa da marmara, sa'an nan ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai dutse mai tauri. Ruwa yana kwanciya cikin ruɓaɓɓen dutsen da tsagogin mai taurin. Inda ruɓaɓɓen ya yi kauri, nan ne ake sa zuciya.

2. Awo da guduma

Mai awo yakan buga faifan ƙarfe a ƙasa da babbar guduma. Girgizar ta shiga ƙasa, ta taɓa dutse, ta komo, na'ura kuwa ta rubuta lokacin. Mu lura: lokaci kaɗai na'urar ta auna, ba zurfi ba. Kafin a san zurfi sai an san saurin girgizar, saurin kuwa ba ɗaya ba ne. Cikin ruwa kamar mita 1,500 ne a sakan ɗaya, cikin busasshen yashi bai kai rabin wannan ba, cikin dutse mai tauri ya kai 5,000.

Ga misali. Girgiza ta je ta komo cikin kashi 4 bisa 100 na sakan, wato zuwa kaɗai kashi 2 ne. In mai awo ya zaci saurin 1,000 ne, zai ce dutse yana mita 20. In kuwa saurin 1,500 ne, dutsen yana mita 30. Kuskuren mita 10 ke nan, ga kuɗin haƙa da na bututu.

3. Gyara daga cikin rami

Maganin wannan shi ne a je rijiyar da aka riga aka haƙa a kusa. A zura kunnen na'ura da igiya, a tsaya kowane mita ɗaya ko biyu, a buga guduma a bakin rijiyar. Yanzu an san zurfi, an san lokaci, sai ainihin sauri ya fito. Da shi za a gyara lissafin sabon wuri. Masu neman man fetur ma haka suke yi.

A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta haƙa rijiyoyi masu yawa a ƙauyukan Jihar Kano. Da awon lantarki aka fi zaɓen wuraren, amma ka'idar ɗaya ce: abin da haƙa ya nuna, shi ke gyara awo.

4. Aikinmu

Cikin Farawa sura 26, Ishaku ya sāke tone rijiyoyin mahaifinsa, bai yar da sanin magabata ba. Mu ma, in ana haƙa mana, mu sa mutum ya rubuta irin ƙasar da ta fito a kowane zurfi, da inda aka tarar da ruwa. Mu karɓi takardar mai haƙa kafin mu biya sauran kuɗi. A ajiye ta wurin kwamitin ruwa, a nuna wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, domin ruwa na kowa ne.

Tambayoyi domin taɗi: Rijiyoyi nawa ne a garinku? Wa ya san zurfinsu? A ina aka rubuta?