Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Mutum-mutumi Yake Bin Layi?

Wani malamin sakandare daga Zariya yana tambaya: yaya ƙaramin mutum-mutumi mai tayoyi yake bin baƙin layi ko bango, babu mai tuƙa shi?

To Malam, mun gode. Sirrin yana ƙarƙashin cikinsa. Akwai ƙananan idanu biyu masu haska ƙasa da wani haske da idon mutum ba ya gani. Farin wuri yana mayar da hasken, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Da zarar idon hagu ya hau baƙi, sai umarnin da aka rubuta ya rage gudun tayar hagu, na'urar ta karkata ta dawo kan layi. Idan gyaran ya yi yawa, za ka ga tana tafe tana rangaji, kuma a nan gwanintar mai rubuta umarnin take fitowa.

Bango kuma da sauti ake binsa. Na'urar HC-SR04 tana aika ƙara, ta auna lokacin dawowar amsa-kuwwa. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, sai a lissafa tazara.

Ɗalibanka su fara da allon Arduino, mai ɗaukar umarnin, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005. Su gwada a cikin aji, don hasken rana yana rikita idanun.