Darasin Juma'a: Kada kuɗinmu su riga aikin magini

Damina na gabatowa, kuma mun san ruwan Legas ba ya wasa. Yanzu ne kowa ke neman wanda zai canza masa kwanon shago, ya toshe yoyo, ko ya ɗaga dandamalin ƙofa saboda ambaliya. Yanzu ne kuma 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Mutum zai zo a matsayin birkila ko kafinta, ya yi mana farashi mai sauƙi, ya ce siminti zai tashi gobe, a ba shi kuɗin kaya gaba ɗaya yau. Ya sauke yashi rabin tifa, daga nan wayarsa a kashe.

Abin da ke kai mu ciki shi ne kunya da gaggawa. Muna kasuwa tun asuba, ba mu da lokacin tsayawa a kan aiki. In kuma mutumin ɗan garinmu ne, ko muna sahu ɗaya da shi, sai mu ga ai nauyi ne a ce masa a rubuta. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a kan muminai ta sauka. Kuɗin kafin alƙalami haƙƙi ne a wuyan wanda ya karɓa har sai ya yi aikin. Rubuta shi ba zargi ba ne, kariya ce gare mu da shi.

Ga abin da ya kamata mu riƙe. Da farko, gani ya kori ji: mu je mu ga aikin da ya taɓa yi, mu yi magana da mai gidan, mu san shagonsa da ƙungiyar sana'arsa. In ya ce kamfani ne, ana duba rajistarsa a shafin hukumar CAC ta waya. Mu ji farashin mutum uku. Wanda ya faɗo ƙasa sosai, a yi hattara da shi.

Na biyu, mu raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Siminti, rodi, kwano da tayil mu saya da kanmu, ko mu tura yaron shago tare da shi, a karɓo rasit, a sauke a gidanmu. Kuɗin hannu kuwa a biya mataki-mataki: an cire tsohon rufi, an kafa katako, an buga kwano. Kaso na ƙarshe ya jira sai ruwa ya sauka mun ga babu yoyo.

Na uku, takarda ɗaya ta isa: irin aikin, kaurin kwano, girman rodi, jimillar kuɗi, ranar gamawa, sa hannun shaidu biyu. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunansa, ba na “ƙanina” ba. Iyayenmu mata da ke gida, in wani ya zo ya ce Alhaji ne ya aiko shi karɓar ciko, a kira Alhaji tukuna.

In an riga an cuce mu, kada mu tara matasa a je a ɗauki doka a hannu, mu baƙi ne a nan kuma fitina ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. A fara da ƙungiyarsa, ko fadar Sarkin Hausawa, ko baalen unguwa. Jihar Legas ta kafa kotun ƙananan ƙararraki a 2018 domin kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a sashe na 419 na dokar laifuka, ana kai shi ga 'yan sanda. Amma duk inda muka je, tambayar farko ita ce: ina shaida?

Mu ma akwai namu nauyin. Yawancin masu aikin nan mutanen kirki ne masu neman halal. Wanda ya cika alkawari a biya shi nan take, ba “dawo gobe”, domin Manzon Allah (SAW) ya yi horo da gaggauta biyan ɗan ƙwadago.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya tsare mu daga cin ta wani. Amin.